Ɗinki Bakwai a Agege

Ƙarfe huɗun asuba, ruwa na dukan kwano,
janareta na tari a bayan ɗakin gaggawa,
sai ga Sallau, mahauci daga Oko-Oba,
ya naɗe dantse da tsohuwar singileti.
Wuƙar da ta feɗe shanu ba adadi
yau ta zame, ta ɗanɗani mai ita.

Na wanke raunin, na tsira allurar kashe zafi,
na shimfiɗa koren ƙyalle mai huda a tsakiya.
Sannan na ɗauki mariƙin allura,
ɗan awartakin nan mai zobba biyu da haƙora a gindi,
hannuna na rawa kamar mazari.

Sista Risikat ta tsaya a kafaɗata,
shekara ashirin da shida tana ɗakin nan,
ta ce da Hausarta ta 'yan Agege:
"Babban yatsa a zobe ɗaya,
yatsan zobe a ɗayan, iyakar gaɓar farko,
kar ki zurma su kamar mai gwada awarwaro.
Manuniya ta kwanta a gadon bayan ƙarfen,
ita ce liman, sauran duk mamu ne."

Na kama allurar, lanƙwasassa kamar ƙaya,
ba a tsini ba, ba a gindin zare ba,
kashi biyu cikin uku daga baki.
Ƙyas. Haƙori ɗaya ya isa.
Ni har uku na danna, don tsoro.

Sallau bai kau da kai ba, jini ba baƙonsa ba ne.
"Likita," in ji shi, "kin shaƙe ta.
Haka yaran da nake koya wa fawa suke yi,
su damƙe ƙota har jijiya ta tashi,
sai wuƙa ta yi fushi, ta bi inda ta ga dama.
Ni ma abin da ya ci ni ke nan,
motar Mushin na jira, ina sauri."

Na saki haƙora biyu.
Na saki numfashi.

Tsini ya sauka tsaye cak a kan fata.
Ashe ba turawa ake yi ba, juyawa ake,
wuyan hannu kaɗai, kamar mai murza makulli
a ƙofar ɗakin da jariri ke barci.
Allura ta bi bakanta, ta nutse,
ta ɓullo a ɗaya gaɓar,
nisanta daidai da inda ta shiga.

Zare sau biyu a kan ƙarfe, na jawo wutsiya,
sau ɗaya ta baya, sau ɗaya ta gaba,
ƙulli ya kwanta a gefe, ba a kan rauni ba.
"Rora," in ji Sista, "a hankali.
Sulhu za ki yi musu, ba ɗauri ba.
Gobe fata za ta kumbura,
bar mata wurin da za ta sha iska."

Na farko ya karkace.
Na biyu na sake shi, don na ciji nama da yawa.
Daga na huɗu hannu ya daina tambaya ta.
A na shida aka kawo wuta,
ba wanda ya ɗaga kai ya duba.
Can bakin titi kwandastan danfo ya fara kira,
Oshodi, Oshodi,
ladan na gyaran murya a lasifika.

Bakwai.
Sallau ya ƙare musu kallo
kamar mai taya sa a kara.
"Wannan na farkon na koyo ne," ya ce,
"amma zai riƙe."

Na ce ya dawo bayan kwana goma,
kar ruwan mayanka ya taɓa wurin.
Ya yi dariyar wanda ba zai ji ba.

Na ajiye ƙarfen a tasa, ya yi ƙara.
Shatin zobe na nan a babban yatsana, ja wur.
Ban gama cire safar hannu ba
Sista ta leƙo daga labule:
wani ɗan acaɓa ne, goshi a fashe,
a kawo zare mai siriri.